Yadda Za Ka Canza Shokozoban Gaba na Jif Ɗinka a Gida

Duk wanda ke bin hanyar Agege zuwa Oshodi, ko Mile 12 zuwa Ikorodu da damina, ya san abin da ramuka ke yi wa ƙafar mota. Ruwa ya shafe rami, ba ka gan shi ba, sai dai ka ji gaban mota ya buga ƙasa. Yau ɗaya, gobe biyu, kafin shekara ta zagayo shokozoba, wato shok, abin da ke bayan taya yana hana mota lilo idan ta faɗa rami, ya fara yoyo. Ni Highlander nake ja, kuma sau biyu ke nan ina canza na gaba da hannuna a tsakar gidan da nake haya. Aikin ba ya fi ƙarfin mai haƙuri, amma akwai wurare biyu a cikinsa da ke iya kashe mutum: shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, da kwance sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota. Idan ka kiyaye waɗannan biyun, saura duk kwance noti ne da ɗaure noti.

Ka tabbata shok ɗin ne

Kada ka kashe kuɗi a kan zato. Ƙarar "ƙwas-ƙwas" da ake ji a kan gargada sau da yawa ba daga shok take ba, daga linkej take, wato siririn ƙarfen nan mai kai biyu da ke haɗa shok da sandar da ke hana mota tangaɗi. Boljoyin da ya ci, ko bushin da ya tsage, su ma suna irin wannan kukan.

Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka haska fitilar waya bayan taya. Idan jikin shok ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi tun daga sama har ƙasa, to ya fashe. Ɗan danshi kaɗan a bakinsa ba komai ba ne. Sannan ka dafa kusurwar gaban motar da ƙarfinka, ka danna sau biyu ko uku, ka saki. Lafiyayyen shok zai bar ta ta taso sau ɗaya ta tsaya. In ta ci gaba da lilo, ya mutu. Shafa tafin hannunka a kan tayar ma: idan ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, alama ce tayar tana tsalle a kan kwalta maimakon ta kwanta. Akwai kuma dungurawar da gaban mota ke yi idan ka taka birki a gosulo. Wannan ita ce ta fi damuna, domin mataccen shok yana ƙara tsawon tafiyar da mota ke yi kafin ta tsaya, kuma a Legas tazarar da ke tsakaninka da danfo ba ta da yawa.

Kamfanonin da ke ƙera shok suna ba da shawarar a duba shi da kyau idan ya kai kilomita 80,000. A hanyoyinmu kada ka jira wannan lissafin.

Wane iri ne a motarka?

Jif-jif ɗin da suka cika Legas, irin su Highlander, RAV4, Lexus RX, Honda CR-V da Pilot, shok ɗinsu na gaba yana cikin sifirin ne, a haɗe suke abu guda. Samansa yana ɗaure a cikin bonet da noti uku, ƙasansa kuma yana kama ƙarfen da ke riƙe da taya da faifan birki. Wannan irin shi ne zan bi dalla-dalla. Prado da 4Runner ma shok da sifirin a haɗe suke, sai dai ƙasan yana ɗaure ne da bol guda ɗaya a hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa ƙarfen taya da jikin mota ta ƙasa. Tsofaffin motoci irin Land Cruiser 80 kuwa shok ɗinsu daban yake da sifirin, aikinsu ya fi kowanne sauƙi, kwance sama da ƙasa ne kawai.

Idan motarka tana da ƙafa mai iska, kamar wasu RX 330, ko mai ɗagawa da saukewa da mai irin ta LX 470 da LX 570, ko Prado mai tsarin KDSS, ajiye sifana. Akwai matsin iska ko na mai a ciki, wannan aikin gareji ne.

Sayen kaya

Yawancinmu Ladipo muke zuwa, can Mushin. In ranar Alhamis za ka, kada ka yi sammako, kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai an gama shara da misalin ƙarfe 10. Tafi da lambar jikin motarka mai haruffa da lambobi 17, da shekarar ƙira, ka kuma san ko mai jan ƙafa biyu ce ko huɗu. Highlander ta 2006 da ta 2008 suna ɗaya ne amma ƙafarsu ba ɗaya ba ce.

Guda biyu za ka saya, dama da hagu. Na san aljihu, amma sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen yana sa mota ta riƙa karkata idan an taka birki. Ka duba harafin L da R a jikinsu, domin kunnen da ke kama linkej da tiyon birki ba wuri ɗaya yake ba.

Maganar sabo ko tokumbo, abin da mu a Arewa muke kira ɗan Beljiyam, ga ra'ayina. Shok ba ƙofa ba ce da ido zai gane lafiyarta. Na taɓa sayen tokumbo wanda aka wanke aka fesa masa fenti, yana ƙyalli, wata biyu bai cika ba mai ya zubo. Idan da hali, sayi sabo na KYB ko Monroe ko na Toyota kansa, a wajen wanda ka yarda da shi, domin jabu ma suna zuwa a cikin kwali mai kyau. In tokumbon ne dole, tsayar da shi a tsaye, ka danna sandar ƙasa ka ga ko tana turjewa daga farko har ƙarshe ba tare da wani wuri da ta zurma ba. Ka duba sandar kada ta kasance da tsatsa ko ƙarzuwa.

Shawarar da ta fi kowacce muhimmanci ga mai aiki a gida ita ce: nemi cikakke, wanda shok da sifirin da hular sama duk suna haɗe tun daga kamfani. Ya fi tsada, amma ya raba ka da kwance sifirin gaba ɗaya. In ba ka samu ba, to ka haɗa da sabuwar hular sama mai boris a ciki, da robar da ke kare sanda daga ƙura, da ɗan kututturen robar da ke hana shok buguwa har ƙarshe. Linkej ma ka sayo biyu, ba su da tsada, kuma sau da yawa tsohon ba ya fita lafiya.

Kayan aiki da wurin aiki

Kana buƙatar jak mai ƙarfi, wanda ya fi ɗan ƙaramin da ke zuwa da mota, da matokaran ƙarfe guda biyu masu ɗaukar tan 3. Sai soket daga lamba 10 zuwa 22, da sifanu masu irin waɗannan lambobi, da dogon hannu na karya noti mai taurin kai, da alanki, da guduma, da burushin waya, da man fesawa irin WD-40, da igiya ko waya mai ƙarfi, da alli ko fenti na yin alama. Sifana mai awon ƙarfin ɗauri tana da muhimmanci, in ba ka da ita ka ara. Sa tabarau na kariya, tsatsa tana zubowa cikin ido.

Wurin ya zama daɓen siminti, shimfiɗaɗɗe. Ƙasar Legas yashi ce da laka, bayan ruwan sama matokari yana nutsewa a hankali ba ka sani ba. In tsakar gidan bulon shimfiɗa ne, sa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowane matokari. Bulon gini kuwa, don Allah kada ka ɗora mota a kansa. Ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci guda. Ka sallami yara daga wurin, ka sami wani babba ya tsaya tare da kai.

Tun daren jiya ka fesa mai a kan duk notin da za ka taɓa. Iskar teku da ruwan da muke kutsawa suna sa notin ƙasa su kama kamar an yi musu walda. Ka fara da safe bayan ka karya, don aikin farko yana iya cin awa huɗu zuwa biyar.

Kwancewa

Sa giya a P, ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya gaba da baya da katako. Tun mota tana ƙasa ka sassauta notin taya kaɗan, Toyota yawanci lamba 21 ne, Honda 19. Ɗaga gaban motar a wurin da littafinta ya nuna, ka zaunar da ita a kan matokarai biyu, dama da hagu. Ɗaga gefe biyun yana da dalili: in gefe ɗaya ne a sama, sandar hana tangaɗi tana murɗe, linkej zai ƙi fita. Girgiza motar da hannu ka ga ta zauna daram. Cire taya, ka tura ta kwance ƙarƙashin motar, ko da wani abu zai faru ta tare.

Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai. Gefe ɗaya za ka gama kafin ka shiga ɗayan, saboda wanda ba ka kwance ba ya zama madubinka.

Fara da ƙananan abubuwa. A jikin shok akwai kunnen da ke riƙe tiyon birki da wayar ABS (tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi), bol ne ƙarami, lamba 10 ko 12. Kwance su ka kawar gefe a hankali. Ba za ka buɗe tiyon birkin ba, mariƙinsa kawai za ka cire. Wayar ABS siririya ce, in ta tsinke fitila za ta kama a gaban direba, ka sayi wata matsalar.

Sai linkej. Notinsa yawanci lamba 17 ne. Za ka ga yana juyawa tare da ƙusar ba ya fita. Goge bakin ƙusar da burushi, akwai rami a tsakiyarta, sa alanki ka riƙe, ka juya notin da sifana. In ramin ya cinye, kama bayan da filaya mai kullewa. Tun da ka sayo sabo, ba ka da asara in ya lalace.

Yanzu manyan bol biyu da ke haɗa ƙasan shok da ƙarfen taya. Kafin ka kwance, zagaye kawunansu da gefen kunnen da alli, ka lura ta wane gefe aka zura su. A wasu motoci ɗaya daga cikinsu yana saita tsayuwar taya, alamar za ta taimaka maka ka maido kusa da yadda take. Riƙe kan bol da sifana, ka karya notin da dogon hannu, a Toyota yawanci lamba 22. Nan ne za ka yi gumi. Ja hannun da nutsuwa, kada ka yi tsalle a kansa, motar a kan matokari take. Idan notin ya fita, mayar da shi baki-da-baki da ƙarshen bol ɗin sannan ka buga da guduma, don kada zaren ya lalace.

Kafin bol na biyu ya fita, tara jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗan ɗauki nauyi, ka kuma ɗaure ƙarfen tayar da igiya a jikin mota. Mutane da yawa suna tsallake wannan. Da zarar shok ya sake shi, faifan birki da duk nauyinsa zai kifo waje, ya ja tiyon birki, ya kuma iya zare shaf, sandar da ke juya taya, daga mazauninsa na ciki. Mayar da shaf ɗin da ya zare aikin yini ne.

Buɗe bonet. A saman kowane gefe za ka ga noti uku a zagaye, yawanci lamba 14, da wani babba guda ɗaya a tsakiya, wani lokaci a rufe da hular roba. A wasu motoci sai ka cire hannun waifa da robar da ke ƙasan gilashi kafin ka kai gare su. Ukun nan na gefe su ne naka. Na tsakiyar, kada ka taɓa shi. Shi kaɗai ke riƙe da sifirin da aka matse da nauyin ɗaruruwan kilo, in ka kwance shi a haka, hular sama za ta tashi kamar harsashi.

Cire biyu, ka sassauta na uku. Abokin aikinka ya riƙe shok daga ƙasa da hannu biyu, yana da nauyi, sannan ka ƙarasa cire na ƙarshen. A sauke shi a hankali, a karkato shi waje, a kula kada ƙasansa ya huda robar shaf.

Maganar sifirin

In cikakke ka saya, tsallake wannan sashen, ka ajiye tsohon da sabon gefe da gefe ka tabbatar tsawo da kunnuwa sun yi daidai.

In shok kaɗai ka saya, abin da na fi so ka yi shi ne ka sa tsohon da sabon a buhu, ka kai wa makaniken da ke da na'urar matse sifirin mai kyau, ya sauya maka a gabanka. Kuɗi kaɗan ne, minti talatin. Amma ka tsaya ka ga da me zai yi. Na ga inda ake ɗaure sifirin da igiya ko tsohon bel, na ga inda mutum biyu ke take shi da ƙafa wani yana kwance noti. Na kuma san wani bawan Allah a unguwarmu da ya rasa haƙoran gaba ta wannan hanya, kuma Allah ne ya tsare idonsa. In ka ga haka, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Wanda ya dage sai ya yi da kansa, to ya sami abin matse sifirin mai kauri, mai ƙugiyoyi masu makulli, ba siririn nan mai araha ba, domin sifirin jif ya fi na ƙaramar mota ƙarfi nesa ba kusa ba. Kwantar da shok a ƙasa, kansa yana kallon bango, ba kai ba, ba ƙofar ɗaki ba. Yi layi da alli tun daga hula, ta kan sifirin, har mazaunin ƙasa. Shafa giris a zaren abin matsewar. Maƙala ɗaya a wannan gefe, ɗaya a gefen da ke fuskantarsa daidai, kowanne ya kama zagaye da yawa gwargwadon iko. Ɗaure da hannu, juyi uku nan, juyi uku can, kada gefe ɗaya ya riga ɗaya har sifirin ya lanƙwashe kamar baka. Ci gaba har sai sifirin ya saki mazauninsa, ka iya juya shi da hannu. Sai a lokacin ne za ka kwance notin tsakiya.

Jera abin da ka cire a ƙasa bi da bi yadda suka fito. Sabon shok kuma, tsayar da shi a tsaye ka danna sandarsa ka bari ta taso, sau huɗu ko biyar, don mai da iskar da suka cakuɗe lokacin da yake kwance a shago su koma wurarensu. Zura kututturen roba da robar ƙura, ɗora sifirin, ka tabbata ƙarshen wutsiyarsa ya zauna a ɗan matakin da aka yi masa a mazaunin ƙasa. In bai zauna nan ba, motar za ta riƙa ƙara kuma gefe ɗaya zai fi tsawo. Mazaunin sama a Toyota yakan zo da alamar da ke nuna gefen da zai kalli waje, bi ta. Sa hula, ɗaure sabon notin tsakiya, kada ka kama sandar mai sheƙi da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka robar da ke tsare mai. Sannan ka sassauta abin matsewar, shi ma nan kaɗan can kaɗan, kana kallon sifirin yana zama.

Mayarwa

Zura shok daga ƙasa, ƙusoshin sama uku su leƙo, abokinka ya ɗaura notin da hannu kawai. Barin su sako-sako yana ba ka damar motsa ƙasan. Ɗaga jak ɗin da ke ƙarƙashin hannun ƙasa a hankali har ramukan su haɗu, zura sukurdireba mai kauri a rami ɗaya ka daidaita, ka tura bol a ɗayan. Su shiga ta gefen da suka fito. In sun ƙi, kada ka dake su da ƙarfi, ɗaga ko sauke jak kaɗan.

Daidaita da alamar allinka, ka ɗaure manyan biyun da sifana mai awo. Ƙarfin ɗaurinsu ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma babba ne, nemi adadin a littafin gyaran motarka ka bi shi. Waɗannan bol biyu su ke riƙe da tayarka a kan gadar Third Mainland, ba wurin kintace ba ne. Mayar da linkej, da mariƙin tiyon birki, da wayar ABS, ka gwada da hoton da ka ɗauka kada tiyo ya murɗe. Kwance igiyar da ka ɗaura. Juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe ka ga babu abin da ke gogar wani ko yake jan wani.

Mai Prado ko 4Runner ya lura da wannan: bol ɗin ƙasa yana ratsa bushin roba ne, don haka ba a yi masa ɗaurin ƙarshe sai nauyin mota ya hau kansa. In ka ɗaure shi ƙafa tana reto, robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri.

Yi ɗaya gefen. Za ka ga ya ɗauki rabin lokacin na farko. Sa tayoyi, sauke mota, ka ɗaure notin sama uku-uku yanzu da nauyi ya zauna. Notin taya a ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, ba a jere ba. A Highlander da RAV4 awonsu a kan sifana mai awo Nm 103 ne, a CR-V kuma 108.

Kafin ka fita titi

Taka birki sau biyu ko uku ka ji ya yi tauri. Zaga cikin unguwa a hankali, gilashi a sauke, rediyo a kashe, ka hau ɗan tudun rage gudu ka saurara. Ƙarar bugu daga sama yawanci notin hula ne bai ɗauru ba, ƙarar ƙwas-ƙwas kuma linkej. In ka ji kamar sifirin yana ɓallewa idan ka murɗa sitiyari, bai zauna a matakinsa ba ko boris ɗin hula ya karkace, a sake dubawa kafin a yi nisa.

Daga nan sai wurin alaimen, a ranar ko washegari. Tun da ka kwance manyan bol ɗin nan, tsayuwar taya ta motsa ko da ido bai gani ba, kuma sabuwar taya tana iya cinyewa ta gefe ɗaya cikin 'yan makonni. Je inda ake yi da na'ura, ka gaya musu shok ka canza. Bayan tafiyar kamar kilomita 100 ka sake bin notin taya da manyan bol ɗin da sifana.

Tsofaffin shok ɗin akwai iskar gas da mai a matse a cikinsu. Kada a jefa su a wuta, kada yara su yi wasa da su. Ba wa 'yan gwangwan da ke zagayawa da kura, ka faɗa musu kada su sa musu wutar yanka, in kuma da sifirin a jiki ka ba su, ka nuna musu notin tsakiyar ka ce kada a kwance shi.